Filin Tambaya da Amsa: Waƙar Aro da Waƙar Kai

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da tambaya a kan wani abu da na gani da idona a Abuja, wanda har yau muke jayayya a kansa da wani abokin aikina. An gayyace mu liyafar cin abincin dare a wani ɗakin taro, kuma wadda aka ɗauko domin ta nishaɗantar da baƙi wata mawaƙiya ce da ta taɓa kaiwa zagayen ƙarshe a ɗaya daga cikin gasannin waƙa na talabijin, ko da yake ba ita ta lashe gasar ba. Na san ta sarai, domin a shekarar da ta shiga gasar ni da iyalina ba ma bari shirin ya wuce mu, har katin waya na riƙa saya ina jefa mata ƙuri'a.

Da ta hau dandamali sai ta fara da waƙoƙin shahararrun mawaƙan Amurka da na Legas, irin waɗanda ta riƙa rerawa a gasar, ɗaki kuwa ya kaure da tafi da shewa, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Can tsakiyar wasa sai ta sallami makaɗanta ta bar mai ganga ɗaya, ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora jita a cinya, ta ce za ta rera wata waƙa da ta rubuta wa kakarta da ta raine ta. Rabin waƙar da harshen garinsu ne, wanda ko kalma ɗaya ba na ji, rabi kuma da Turancin buroka. Nan da nan mutane suka koma kan farantansu da hirarsu, har ƙarar cokula ta kusa danne jitar. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi, musamman a wani wuri da muryarta ta ɗan karye, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya.

Abokina ya ce ta ɓata rawarta da tsalle, wai tunda da waƙoƙin wasu aka san ta, kamata ya yi ta tsaya a kansu. Ni kuma na ce sai a wannan waƙa ta ƙarshe na fara ganin mawaƙiya. Malam, wane ne da gaskiya a cikinmu? Me ya sa waɗannan gasanni ba sa barin 'yan takara su rera waƙoƙin kansu? Ina tambaya ne kuma domin ina da ƙane mai murya, wanda ya matsa mini in taimaka masa ya shiga irin wannan gasa.

Daga wani ma'aikaci mai bibiyar wannan fili, Kubwa, Abuja.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na gode da wannan wasiƙa. Kai da abokinka kowa ya riƙe wani gefe na gaskiya, amma idan aka matsa mini in zaɓi ɓangare, to ina bayanka, kuma zan faɗi dalilina bayan na amsa tambayarka ta biyu, domin ita ce mabuɗin ta farkon.

Tsarin gasar da muke kallo ba a Najeriya aka ƙago shi ba. Wani ɗan kasuwar waƙa mai suna Simon Fuller ne ya fito da shirin Pop Idol a Ingila a shekarar 2001, a 2002 kuma shirin ya tsallaka Amurka da sunan American Idol, inda ya yi farin jinin da ya sa ƙasashe da yawa suka sayi lasisinsa. A 2007 tashar M-Net ta kawo shi yankinmu da sunan Idols West Africa, a 2008 aka fara Project Fame West Africa wanda kamfanin MTN ya ɗauki nauyinsa har zuwa 2016, sannan ga Nigerian Idol, ga kuma The Voice wanda aka faro a ƙasar Holan a 2010 ya iso Najeriya a 2016. Duk wanda ya sayi irin wannan lasisi, da ƙa'idojinsa yake sayensa, kamar wanda ya sayi ɗinkakkiyar riga a kasuwa, iyakar abin da zai iya shi ne ya rage hannu ko ya ƙara aljihu.

Ginshiƙin waɗannan shirye-shirye shi ne ƙuri'ar mai kallo, shi kuwa mai kallo yana buƙatar ma'auni. Idan ɗan takara ya ɗauko waƙar da kowa ya haddace, cikin minti ɗaya za ka gane ko ya kai inda mai waƙar ya kai ko ya gaza, har ka yanke hukunci ka ɗauki wayarka. Sabuwar waƙa ba ta da wannan sauƙi, domin kunne yakan so ya ji ta sau biyu ko sau uku kafin ya saba, alhali abin da ake ba kowane ɗan takara bai cika wuce minti biyu zuwa uku ba. Ga kuma matsin lokaci, saboda kowane mako ana buƙatar sabon wasa, makaɗan shirin suna buƙatar atisaye da mutum goma ko fiye, kuma ko a cikin manyan mawaƙa da wuya ka samu wanda zai ƙaga waƙa mai kyau duk bayan kwana bakwai. A ƙarƙashin wannan duka akwai lissafin kuɗi. Shirin da tallace-tallace da ƙuri'u yake ci, mai tallan kuwa ba ya son abin da zai sa mai kallo ya canza tasha. Hatta waƙoƙin aron ma ba kowace ake bari a taɓa ba, sai waɗanda masu shirin suka nemi izininsu suka biya haƙƙin masu su. Wasu gasannin sukan keɓe mako guda domin 'yan takara su gwada waƙar kansu, amma wannan ɗanɗano ne kawai.

Saboda haka abin da gasa take aunawa shi ne murya, da iya sarrafa numfashi, da riƙe kari ba tare da kaucewa ba, da rashin jin tsoron taro, da kuma farin jini. Waɗannan duk baiwa ce da ba a raina ta, kuma wanda bai taɓa riƙe makirufo a gaban mutum ɗari biyar ba bai san yadda gwiwa take rawa ba. Amma akwai abu guda da gasar ba ta da ma'auninsa, wato ko mutum yana da abin faɗa na kansa da kuma hanyar faɗarsa da ba ta kowa ba. Wannan sai bayan an kashe fitilun gasa ake ganinsa.

Tarihin waɗanda suka fito daga gasannin nan ya isa shaida. Iyanya, ɗan Kalaba, shi ne ya lashe Project Fame na farko a 2008, kuma ya lashe ne da irin waƙoƙin soyayya masu sanyi na salon Amurka. Kundinsa na farko a kan wannan turba ya tafi, bai kuwa yi tasirin da aka zata ba. Sunansa bai cika gari ba sai wajen 2012, lokacin da ya koma gida ya ɗauko kalma daga harshen Efik ya yi waƙar Kukere, ya haɗa ta da rawar etighi ta mutanen yankinsu. Muryar dai ita ce wadda aka sani tun 2008, abin da ya canza shi ne kayan da ya ɗora mata. Omawumi, 'yar Warri wadda ta karanta lauya, ita ta zo ta biyu a Idols West Africa na 2007 a bayan Timi Dakolo, kuma a gasar waƙoƙin wasu ta rera kamar kowa. Abin da ya tsayar da ita da ƙafafunta daga baya shi ne Turancin buroka irin na Warri, da barkwanci, da faɗin magana ba ɓoye-ɓoye a kan al'amuran zaman jama'a, ta yadda ko daga ɗaki na uku ka jiyo ta za ka ce Omawumi ce. Haka Chike, wanda ya zo na biyu a The Voice Nigeria na 2016, sai da ya yi shekara huɗu kafin ya fitar da kundinsa na farko a 2020, wanda ya cakuɗa harshen Ibo da kiɗan hailaif, kuma wannan kundi ne ya raba shi da sunan ɗan gasa ya ba shi sunan mawaƙi. A Amurka ma Jennifer Hudson ta bakwai ta zo a American Idol na 2004, amma a 2007 ta karɓi babbar kyautar finafinai ta Oscar. Idan ka jera sunayen waɗanda suka lashe gasannin nan shekara bayan shekara, za ka tarar da dama daga cikinsu sai ka yi dogon tunani kafin ka tuna fuskarsu. Kayan aro ba ya rufe katara, ko da kuwa an yi masa tafi a daren da aka sa shi.

Kada dai ka ɗauka ina kushe kwaikwayo, domin duk mawaƙin da ka sani ta nan ya biyo. Mu Hausawa mun fi kowa sanin haka, tunda makarantar waƙarmu ta gargajiya ita ce amshi. Yaro yakan yi shekaru a bayan ubangidansa yana karɓa masa, yana koyon inda ake ja da inda ake saki, da yadda ake karanta fuskar wanda ake yi wa waƙa, kafin a ba shi dama ya buɗe baki shi kaɗai. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙungiyar mahaifinsa ya tashi yana amshi, kafin ya zama wanda fadoji suke rububinsa. Amma ba a taɓa kiran ɗan amshi mawaƙi saboda ya iya maimaita abin da ubangidansa ya faɗa. Har a siyasa ma, idan aka ce majalisa ta zama 'yar amshin Shata, kowa ya san ba yabo ba ne. Shi kansa Dakta Mamman Shata, abin da ya sa har yau ba a cike gurbinsa ba tun rasuwarsa a 1999 shi ne yadda yake ƙaga baiti nan take a gaban jama'a, ya dubi mutum ya yi masa waƙar da ta dace da shi kamar an auna. Ɗanmaraya Jos kuwa da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya, domin ya waiwayi mutanen da sauran mawaƙa ba su kula da su ba, irin su karen mota, ya yi musu waƙa. Da muryar kawai ake duba, da akwai waɗanda suka fi su zaƙin murya a zamaninsu, amma ina sunansu yau?

To ka ga ɗan gasar talabijin ɗan amshi ne da aka haska wa fitila tun kafin ya gama koyo. Miliyoyin mutane sun san fuskarsa yana rera waƙar wani, saboda haka duk inda ya je ita za a nema daga gare shi, kuma a kanta za a biya shi. Jarrabawarsa ta gaskiya ita ce ranar da zai ajiye wannan abin da yake kawo tafi cikin sauƙi ya fito da nasa, yana sane cewa mai yiwuwa a juya masa baya. Abin da ka gani ke nan a wancan dare. Da ta sallami makaɗa ta rage daga ita sai jita da ganga ɗaya, ta cire duk wani abin fakewa, domin ƙarar kayan kiɗa da yawa tana rufe kurakurai kamar yadda yaji yake rufe ɗanɗanon miyar da ba ta ji nama ba. Karyewar muryar da ta taɓa ka kuwa, a gasa alƙalai za su iya rage mata maki a kanta, a situdiyo kuma da an goge ta an sake ɗauka. A gaban jama'a ne kawai irin wannan take tsira, kuma ita ce ta shaida maka cewa kakar da ake magana a kanta mutum ce mai rai ko mai kabari, wadda mai waƙar ta sani. Ka ce ba ka jin harshen, amma ka ji wannan.

Yanzu bari in ba abokinka haƙƙinsa. Mawaƙin da aka ɗauko liyafa jinga aka yi da shi, kuma masu taro sun biya ne domin baƙinsu su ji daɗi, saboda haka ba daidai ba ne ya mai da wurin ɗakin gwajin sababbin waƙoƙinsa. Sai dai bisa ga bayaninka ba haka ta yi ba. Ta fara biyan bashin masu taro har suka gamsu, sannan ta ɗauki waƙa ɗaya tak ta ba kanta, wannan kuwa dabara ce ta wanda ya san sana'arsa. Akwai kuma wani abin da zan ƙara wa abokinka da shi, wanda ƙila bai faɗa ba. Kasancewar waƙa ta mutum ce ba ya mai da ita mai kyau. Sau da yawa nakan ji waƙar da aka ce sabuwa ce, amma da ka saurara sai ka tarar karin na wani ne aka sauya wa kalmomi, kamar yadda aka yi yayin ɗaukar karin waƙoƙin Indiya a finafinan Hausa ana ɗora musu Hausa. A ɗaya gefen kuma, gwani yakan ɗauki tsohuwar waƙar wani ya rage mata gudu, ya sauya mata kiɗa, ya danna wata kalma da mai ita ya wuce da sauri, har ka ji kamar yau ka fara jin ta. Wannan ma fasaha ce ta kai, ko da sunan wani ne a kan waƙar. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in tambayi kaina ko akwai wani abu a cikin abin da na ji wanda in ba wannan mutum ba babu mai iya kawo shi. Waƙar kaka da harshen gida ta ci wannan jarrabawa tun kafin a kai ga batun daɗinta.

Waɗanda suka koma kan farantansu kuwa ba zan yi musu tsanani ba, domin wurin cin abinci ba wurin sauraro ba ne. Amma mu masu sauraro muna da hannu a abin da muke kuka da shi. Mukan ce mawaƙan zamani duk bakinsu ɗaya, alhali duk ranar da wani ya kawo abin da kunnenmu bai saba da shi ba, mu ne na farko da za mu ɗauki cokali.

Game da ƙanenka, in dai iyaye sun amince, ban ga laifin ya shiga ba, domin gasa tana koyar da tsayuwa a gaban jama'a da aiki da makaɗa, tana kuma haɗa mutum da waɗanda zai yi shekaru bai gan su ba. Sai dai ya tafi da guzurinsa. Ya koyi kaɗa wani abu, ko jita ko fiyano ko ma gurmi, domin mawaƙin da ba ya kiɗa kullum yana hannun mai haɗa masa sauti. Ya riƙe littafin da yake rubuta baitocinsa tun yanzu, ta yadda ranar da aka sallame shi daga gasar, ko da kofi ko babu, yana da waƙoƙi biyar ko goma nasa na kansa, saboda hasken gasa ba ya daɗewa, da an fara ta shekara mai zuwa hankalin jama'a ya koma can. Kada kuma ya ji kunyar Hausarsa a gaban alƙalan Legas, domin a cikin ɗaruruwan da za su zo suna kwaikwayon murya ɗaya, ita ce abin da yake da shi wanda ba su da shi. Abu na ƙarshe, duk takardar da za a ba shi ya sa hannu, a kai wa lauya ya karanta, musamman sashen da ya shafi wanda zai mallaki waƙoƙin da zai yi bayan gasa da tsawon shekarun yarjejeniyar. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙar mutum tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, amma doka ba za ta dawo masa da abin da ya sa hannu ya bayar da kansa ba.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. A wajen bukukuwa nakan ga mawaƙi yana tsalle yana zagaya fili, amma muryarsa tana fita sumul kamar a rediyo. Yaya zan gane ko da gaske yake rerawa ko mamin yake yi?

Daga wata mai karatu a Damagaram.

AMSA

Barka kadai Malama. Ki sa ido a kan makirufo da ƙirjin mawaƙin. Mai rerawa da gaske, idan ya nisanta makirufo daga bakinsa murya takan ragu, idan ya juya kai takan canza, idan kuma ya yi tsalle za ki ji hakinsa a cikin baitin da ya biyo baya. Za ki ji yana jan numfashi tsakanin layi da layi, wani lokaci ya riga kiɗa ko kiɗa ya riga shi, ya sako sunan amarya ko na wani babban baƙo a tsakiyar waƙa ba tare da wata murya tana ci gaba a ƙarƙashinsa ba. Ki lura da ƙarshen waƙar ma, domin makaɗa na gaske tare suke tsayawa da alamar hannu, faifai kuwa sau da yawa a hankali sautinsa yake dusashewa. Akwai kuma hanyar tsakiya da ta fi yawa a bukukuwanmu, inda ake sakin waƙar da muryarta gaba ɗaya, mawaƙin yana bin ta yana ɗora tasa jefi-jefi. Muryar da ke cikin faifan kuma galibi ta bi ta manhajar gyaran murya irin Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, shi ya sa ba kya jin ta kauce ko kaɗan.

A wasu ƙasashe wannan ya taɓa zama babban abin kunya. Wasu matasa biyu da suka yi suna daga Jamus, Milli Vanilli, faifai ya maƙale musu suna tsakiyar wasa a Amurka a 1989, daga baya ta bayyana cewa ko a faifan ma ba muryarsu ba ce, aka ƙwace babbar kyautar waƙa ta Grammy da aka ba su a 1990. Namu mawaƙan yawanci muryarsu ce a faifan, kuma dalilinsu na yin mamin ba ɓoyayye ba ne, domin ɗaukar makaɗa biyar ko shida da kayan sauti masu kyau kuɗi ne da mai biki bai cika son biya ba. Idan bikin gidanku ne, ku fayyace tun wajen jinga ko da makaɗa zai zo ko da faifai, tunda farashin ba ɗaya ba ne. Idan kuma kina son ki ji muryar tasa tsagwaronta, ki aika a roƙe shi ya sa a kashe kiɗa ya yi wa amarya baiti biyu da baki.